Bindigar da Ta Ƙi Tashi a McLeansville

Har gobe in Tanko ya gan ni bayan sallar Juma'a sai ya kawo hancinsa kusa da rigata ya shinshina, ya ce yana duba ne ko yau ma na yi wa bindiga kwalliya. Yara su yi ta dariya ba su san mafarin zancen ba. To gara in ba da labarin da bakina, don shi in ya tashi bayarwa sai ya sa gishiri ya ƙara barkono.

Na sauka Greensboro, wani gari a Carolina ta Amurka, da takardar lotiri, wadda ke ba mutum izinin zama da aiki. Matata Zuwaira na bar ta a Maraɗi, domin an ɗaura mana aure ne bayan takarduna sun riga sun fito, sunanta bai shiga ciki ba. Na ce mata shekara ɗaya ta yi yawa zan aiko ta taho. Ita ta yarda, ni ma da na faɗa na yarda. Alhaji Idi, wani dattijon garinmu da ya daɗe a nan, shi ya ba ni ɗaki a gidansa, matarsa Hajiya kuma ba ta taɓa barin in kwana da yunwa ba, Allah ya saka musu da alheri.

Aikin farko da na samu a kamfanin kaji ne, ta hannun ejensi, wato masu haɗa mutum da aikin wucin gadi. Yau a kira ka, gobe a ce ka zauna gida. Hannunka cikin ruwan sanyi tun safe har la'asar, kana yanka kana wankewa. Kafin wani lokaci yatsuna duk sun tsattsage, in na zo alwala sai na cije leɓe. A can na haɗu da Tanko, ɗan zangon Kumasi, mai surutun tsiya, wanda Hausarsa ba ta san mace ba ta san namiji ba, kowa "shi" ne a wurinsa, har uwarsa. Shi ya koya mini hawan bas, shi ya nuna mini inda ake sayar da katin waya mai araha. Na taɓa yi wa Zuwaira zancen hannuna a waya sau ɗaya, ban ɗauka ta riƙe ba. Sai ga wata Hajiya da ta dawo daga gida ta miƙo mini gwangwanin madara an ɗaure bakinsa da tsumma, cike da man kaɗe. Da na buɗe ƙanshin ya buge ni, sai da na zauna a bakin gado, kewar gida ta kama ni sosai.

An cuce ni ma, kuma ba Bature ya cuce ni ba. Wani ɗan ƙasarmu ne ya sayar mini da mota, ya rantse mini cewa injinta sabo ne fil. Ba ta yi sati biyu ba ta mutu da ni a hanyar Sedgefield, hayaƙi na fita ta gaba, masu zuwa wasan golf suna wucewa suna kallona. Na kira shi, ya ce ai nan Amurka ce, in ka saya ka saya. Tun daga ranar na zama mai zargi, kome aka sayar mini sai na juya shi na sake juyawa, ina neman inda aka ɓoye cutar.

Shekaru suka yi ta tafiya, takardun Zuwaira na kan layi. Da layi ya kusa zuwa kanta, lauyan da ke duba mana ya ce saura abu guda: in nuna ina da tsayayyen aiki, ba irin na yau da gobe ba. In ban nuna ba, za a ajiye ta gefe, kuma Allah kaɗai ya san ranar da za a sake waiwayar ta. Na bar kaji na koma gadi, ina zagaya manyan gidajen Irving Park da tocila da rediyo. Can ne wata mata ta kira mini 'yan sanda don ta gan ni ina sallah a gefen mota. Lokacin ba a daɗe da harin nan da aka kai New York ba, mai suna irin nawa in ya yi tari ma sai an waiga. Amma can ne kuma wani tsoho mai gyaran furanni ya riƙa ajiye mini kofi mai zafi a kan katanga, bai taɓa tambayata daga ina na fito ba. Shi ma wannan gadin na wucin gadi ne. Shugabanmu ya ce mini in ina son a ɗauke ni dindindin, sai dai in shiga sahun masu gadi da bindiga, kuma sai na ci jarrabawar harbi. Dama biyu ake ba mutum, in ya faɗi duka sai ya jira wani zagayen da ba a sa masa rana ba.

Na nemi izinin riƙe bindiga a hukumance, aka ba ni. Na sayi ƙaramar bindiga ta hannu, wadda wani ya taɓa amfani da ita, a shagon wani tsohon Bature mai sayar da kayan jingina. Da na kawo ta gida Hajiya ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Sani, ni da 'ya'yana ba za mu kwana ɗaki ɗaya da wannan abu ba." Gaskiyarta ce, ban ja ba. Na sayi akwatin ƙarfe mai kwaɗo, ta riƙa kwana a but ɗin mota.

Mai koya mana harbi wata Baƙar Ba'amurkiya ce, tsohuwar soja, sunanta Loretta. Ba ta da tsawo amma in ta yi magana ƙartin maza sai su nutsu. Ta koya mana riƙo da saiti, ta koya mana cewa in ka ja kunama bindiga ba ta tashi ba, kada ka juyo da ita ka leƙa bakinta, ka bar ta tana kallon gaba ka ɗan jira tukuna. Da ta zo kan wanki da gyara, sai ta fito da wata 'yar kwalbar mai kamar ta maganin ido, ta ɗiga nan, ta ɗiga can, ta ce shi ke nan, ya isa. Na kalli kwalbar na ce a raina, kai, rowar mutanen nan har ta kai ga ƙarfe.

Ni kuwa na tashi a hannun Kawu Barmo, ƙanin mahaifiyata, maharbi ne a wani ƙauye kudu da Maraɗi. Ina yaro nakan zauna in kalle shi yana gyara doguwar bindigarsa ta toka. Ya lakato man kaɗe ya murza a tafin hannu har ya narke, ya bi ta lungu-lungu da gashin kaza, yana cewa ƙarfe ma yana jin bushewa kamar fatar mutum. Bindigar nan ta girme ni, ban taɓa ganin tsatsa a jikinta ba. Don haka da na koma gida na ɗauko gwangwanin Zuwaira. Hannuna na buƙata, amma na ga wannan bindigar ita ce za ta kawo mini mai man gaba ɗaya, ita ta fi cancanta. Na zauna a cikin mota na yi mata irin ta Kawu. Duk wata kafa da na gani sai da na ɗura mata, har da wani ɗan rami a baya inda allurar bindiga take, wato siririn ƙarfen nan da ke fitowa ya sari gindin harsashi ya tashe shi. Ta yi sheƙi, ta yi ƙanshi, na ji daɗi a raina.

Lokacin zafi ne, irin zafin nan na Carolina mai sa riga ta manne a baya. Muka yi ta atisaye, bindigata na tashi ba gardama, har Loretta ta yaba mini saiti. Sai aka yi ta jan ƙafa da takardun kamfani, ba a sa mana ranar jarrabawa ba sai tsakiyar sanyi.

Filin harbin yana McLeansville, gabas da gari, a bayan wasu gonaki, ba rufi ba bango sai tudun ƙasa a gaba. Da safen nan ciyawa ta yi fari da ƙanƙara, numfashin kowa na hayaƙi. Na fito da akwati daga but, ƙarfen kamar zai manne mini a yatsa. Muka jeru, aka kafa mana hoton mutum na kwali, Loretta ta busa usur. Na kusa da ni duk suka fara ɓarin wuta. Ni na ja kunama, sai na ji ƙas. Na jira yadda aka koya mana, na fitar da harsashin, na sake ja. Ƙas. Na uku ya tashi, na bayansa ya ƙi. Haka muka yi ta yi da ita, ta ga dama ta amsa, ta ga dama ta yi shiru, har usur ya sake tashi. Kwalina ya tsaya kusan lafiyarsa ƙalau.

Loretta ta tsince harsasan da suka ƙi tashi ta nuna mini gindinsu. A tsakiyar kowane akwai ɗan zagaye kamar cibiya, nan allura ke sara. Na waɗanda suka tashi ya lotsa sosai, na waɗannan kuwa ɗan tabo ne kawai, kamar an taɓa da farce. Ta ce allurar tana kaiwa amma ba ta sara da ƙarfi. Ta sa ɗaya daga cikinsu a tata bindigar ta harba, ya tashi nan take, ta ce to ba laifin harsashi ba ne. Ko dai sifirin ɗin da ke tura allurar ya gaji, ko kuma datti ya taru a hanyarta. Ta tambaye ni ko ina wanke ta. Maganar ta yi mini zafi. Na ce mata ko jaririn da aka haifa jiya ba a kula da shi kamar yadda nake kula da bindigar nan. Ta ɗaga kafaɗa ta ce in kai a duba, sati mai zuwa ne damata ta ƙarshe.

Da na gaya wa Tanko, maimakon ya tausaya mini sai ya faɗi ƙasa don dariya. Ya ce, "Cale, abokina, ba bindiga ba ne. Wannan mutumin kwali shi ya sha maganin bindiga. Ka bincika, ɗan Damagaram ne." Na kusa kai masa mari. Amma shi ɗin ne dai ya ajiye aikinsa washegari ya raka ni shagon tsohon Baturen.

Na tafi ne da niyyar faɗa, don na riga na yanke cewa an sake yi mini irin ta mota. Na fito da akwatin na sake dubawa, saboda sauri ban mayar da shi but ba, na ajiye shi a ƙafar Tanko, shi kuma mutumin Kumasi ba ya shiri da sanyi, ya ƙure hita mai ɗumama mota tun daga gida har muka isa. Na shiga na zazzage wa tsohon nan duk Turancin da na tara. Ya bari na gama. Ya ɗauki bindigar ya kai mu wani dogon ɗaki a bayan shagon inda ake gwaji, ya cika ta, ya harba har ta ƙare, ko sau ɗaya ba ta yi gardama ba. Ya sake cikawa ya miƙo mini, ni ma na harba, duk suka tashi. Na rasa inda zan sa fuskata. Ya ce mai gyaransa ya yi tafiya, in ina so in bar ta zuwa ya dawo, amma ba zai dawo kafin ranar jarrabawata ba. Da za mu fita ya ɗauko kwalin harsashi na wani kamfanin daban ya tura mini, ya ce in gwada, kyauta. Mutumin da na gama zagi ke nan.

Kwanakin nan ban ji daɗinsu ba. Abin da ya lalace ka san ya lalace, ka nemi gyara. Wannan kuwa a gaban mai shago lafiyarta lau, a gaban mai jarrabawa ta zama kurma. Har maganar Tanko ta fara yi mini yawo a kai, na soma tunanin ko wani ne ya sa mini hannu daga gida. Na kira Zuwaira da katin waya ranar Lahadi da hantsi. Ta ce ta ɗinka zannuwa, ta ce mahaifiyarta ta fara haɗa mata kuka da daddawa, ta tambaye ni ko gaskiya ne a can ruwa na daskarewa a kan hanya. Na kasa gaya mata na faɗi. Da katin ya ƙare na ajiye wayar, tsoro ya cika ni.

Na yi ta juya abin har na gano, a ganina, inda matsalar take. A shago akwai ɗumi, a fili akwai sanyi. Sanyi kuwa me yake yi? Busar da abu yake yi, ga hannuna shaida. Ashe man da na sa ne bai isa ba. Ana gobe jarrabawa, bayan la'asar, na zauna a mota na kunna hita na ƙara mata man kaɗe, wannan karon ba rowa, musamman ramin allurar nan. Na rufe akwati na mayar but, na tafi masallaci da kwanciyar hankali.

Na riga kowa isa McLeansville, sanyin ma ya fi na wancan satin. Loretta na sauke kwalaye daga bayan akori-kurarta. Na roƙe ta ta bar ni in gwada ko harbi ɗaya kafin a fara, ta duba agogo ta ce in yi sauri. Na tsaya, na yi bisimilla, na ja. Ƙas. Na sa harsashin tsohon Bature. Ƙas. Yau ko na ga-dama ma babu. Na ga Zuwaira zaune da zannuwanta a akwati, na ga kaina ina kiran ta ina cewa ta ƙara haƙuri, kuma ban san da wane baki zan faɗa ba.

Loretta ta karɓi bindigar, ta tabbatar ba kome a ciki, ta shimfiɗa tsumma a bayan motarta ta warware ta. Mu a aji iyakar abin da aka koya mana cire manyan sassa, ita kuwa ta wuce nan, ta buɗe baya ta zaro allurar da sifirin ɗinta. Da ƙyar ma ta fito. Duk ta lulluɓe da wani farin abu mai tauri kamar kitsen miyar da ta kwana. Ta kankaro da farce, ta murza, ta kai hanci. Ta dube ni, ta sake shinshinawa. Sai ta cire hularta ta nuna mini kitsonta, ta ce abin da take shafawa ke nan kullum da safe, wurin wasu mata 'yan Afirka take saye. Ta tambaye ni yadda aka yi ya shiga cikin bindiga.

Na ba ta labarin Kawu Barmo da gashin kaza. Matar nan da ban taɓa ganin haƙoranta ba ta dafa mota tana dariya har da hawaye. Da ta lafa ta bayyana mini: ramin allura a bushe ake barin sa, ko man bindigar ma ba a ɗura masa. Nawa man in ya ji zafi narkewa yake, allura ta wuce abinta, shi ya sa da zafi ba ta ba ni matsala ba, shi ya sa kuma ta tashi a shago bayan ta sha hitar Tanko. In ya kwana a but cikin sanyi sai ya daskare ya riƙe allurar, ta isa ga harsashi a gajiye. Bindigar Kawu ba ta da irin wannan ramin, kuma ba ta taɓa kwana cikin ƙanƙara ba.

Ta fesa wani ruwa mai wari, ta goge da tsinken auduga har ramin ya fita fes, ta mayar da kome wurinsa. Kafin ta miƙo mini sai ta daina dariya. Ta ce, "Sani, ka gode wa Allahnka a gaban kwali ta yi maka haka. Da ka ci jarrabawar nan tun da zafi, da da wannan za ka tsaya a bakin aiki duk sanyin bana." Sai a lokacin na gane. Jan ƙafar da kamfani ya yi, wanda na yi ta tsine wa, ashe rufin asiri ne.

Sauran suka iso, muka jeru, usur ya tashi. Na ja kunama, bindiga ta amsa da ƙarar da ban taɓa jin mai daɗinta ba. Ta yi ta amsawa har na gama. Loretta ta je ta duba kwalina ta dawo, ta ɗaga mini babban yatsa. Na koma bayan mota inda ba mai ganina, na yi sujada a kan ciyawar nan mai ƙanƙara, goshina ya yi sanyi ƙarara ban damu ba. Da na tashi ji na yi kamar an sauke mini buhun gero daga ka.

Washegari na koma shagon tsohon Baturen na ba shi haƙuri, na gaya masa abin da aka samu. Bai san man kaɗe ba, sai da na buɗe gwangwanin ya shinshina. Abin da ya rage a ciki, kuma ba shi da yawa, na raba biyu na kai wa Loretta rabi. Ta ce wannan ya fi wanda take saye, ta kuma ce in ta sake jin ƙanshinsa a filinta za ta kore ni. Kuskurena ɗaya da na gaya wa Tanko gaskiya, kafin Juma'a ta zagayo duk masallaci an sani.

Aka ɗauke ni aiki dindindin, lauya ya tura abin da ake nema, bayan wasu watanni Zuwaira ta sauka. Alhaji Idi da Hajiya da Tanko duk suka raka ni filin jirgi. Ta rame kaɗan, ta yi mini kwarjini kamar ranar da na fara ganin ta, muka gaisa a tsaye kamar baƙi saboda idon manya. Sai da muka shiga bayan mota, Alhaji na neman hanyar fita, ta kamo hannuna a ƙarƙashin mayafinta. Ta bi yatsun ɗaya bayan ɗaya, ta ji duk inda ya tsage ya warke ya bar tabo. Ta yi ƙasa da murya ta ce, "Man da na aiko maka bai isa ba ne?"

Na ga kafaɗun Tanko sun fara rawa a kujerar gaba. Na ce mata ya isa, zan ba ta labari in mun je gida. Ba ta jira mun je ba. Ta buɗe jakar hannunta ta fito da wani ɗan gwangwani, ta lakato ta murza a tafinta har ya narke, ta shiga shafa mini tun daga wuyan hannu, mota na tafiya.